Wa Zai Tsaya Wa Talaka A Gaban Alkali?

Da wuya mako ya wuce ba a ji labarin an kama wani ɗan kasuwa ba. Yau a ce mai tebur ya sayi kayan sata bai sani ba, gobe a ce mai awo ya yi sa-in-sa da mai karɓar haraji, jibi a ce an yi samame a unguwa da dare an kwashe samari har da mai shayin da ya ke kan sana'arsa. Abin da ya ke ba mu tausayi shi ne, da yawa daga cikin bayin Allahn nan rashin sanin abin da za su yi a kwana biyun farko shi ya ke jefa su ramin da sai an sayar da gona da tumaki kafin a ciro su. Don haka mu ka ga ya wajaba a wannan mako mu jingine maganar zaɓe da ta tsadar abinci, mu yi wa 'yan'uwanmu talakawa bayani a kan shari'a da lauya.

Dattawan da su ka ga zamanin En'e sun san abin da mu ke nufi. Lokacin da aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, doka ta hana lauya sa ƙafarsa a kotun alkali ko majalisar sarki, alhali nan ne a ke kai talaka. Ɗan doka ya kama ka, alkalin En'e ya yi maka shari'a, yarin En'e ya rufe ka, kuma su ukun nan duk daga baitulmali ɗaya su ke karɓar albashi. Ta haka aka riƙa ɗaure mutanen Malam Aminu Kano a kan yin lacca ba izini ko a kan an ce sun yi wa sarki rashin ladabi, ta haka aka yi ta kai Hajiya Gambo Sawaba kurkuku tana fitowa ana mayar da ita. Ko da doka ta yarda ma, ina lauyan ya ke? Ɗan Jihar Arewa na farko da ya zama lauya, wato Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori, sai a 1955 ya sami wannan matsayi. Bayan juyin mulkin 1966 aka raba En'e da kotuna da 'yan doka da gidajen yari, amma hanin nan ga lauya ya ci gaba a kotunan yanki har tsarin mulki na 1979 ya zo, sa'an nan a 1982 wata Babbar Kotu ta yanke hukunci cewa hanin ya saɓa wa tsarin mulki. Iyayenmu sun sha bulala da ɗauri kafin ƙofar nan ta buɗe. Abin kunya ne a ce yau tana buɗe amma talaka yana tsaye a waje don ba wanda ya gaya masa.

To, ga abin da doka ta ce. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 35, ya ba duk wanda aka kama ikon ya yi shiru, kada ya amsa tambaya ko ɗaya sai ya gana da lauya ko wani mutum da shi ya zaɓa. Ya ce a cikin awa 24 dole a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce, da harshen da ya ke ji. Ya ce a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. Sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar da laifinsa, yana da ikon kare kansa da bakinsa ko ta hannun lauyan da ya ke so, a ba shi lokacin shirya kariyarsa, ya yi wa shaidun mai ƙara tambayoyi, in kuma ba ya jin harshen da a ke shari'a da shi a ba shi tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba. A 2015 aka yi dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta tarayya, jihohi kuma su ka yi tasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Dokar nan ta 2015 ta haramta kama wani a madadin wani, wato a zo neman ɗa ba a same shi ba a tafi da uba ko mata. Ta haramta kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta maimaita waɗannan biyun. Wata doka ta 2017 kuma ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga ma'aikacin da ya azabtar da wanda ya ke tsare.

Wannan duk a takarda ne. A ƙasa fa? Lissafin hukumar gidajen yari da kanta ya nuna a 2024 kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke rufe ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a su ke yi. Kuma wa ya manta da abin da idon duniya ya gani ran 1 ga Nuwamba 2024, ranar da aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja saboda zanga-zangar watan Agusta, da yawansu yara ƙanana da aka ɗebo daga Kano da Kaduna, an tsare su wajen wata uku, har waɗansu su ka yanke jiki su ka faɗi a cikin kotu? Tuhumar har da cin amanar ƙasa, beli kuwa naira miliyan 10 kowane mutum ɗaya. Sai da lauyoyi da jaridu da jama'a su ka yi ca, sa'an nan Gwamnati ta janye ƙarar bayan 'yan kwanaki. Waɗannan sun sami masu magana da yawunsu. Na ƙauye wanda aka rufe a kan akuya, wa ya san yana ciki?

Ya kai ɗan'uwa, in ƙaddara ta faɗa maka aka kama ka, shari'arka a caji ofis ta ke farawa, tun ba ka ga fuskar alkali ba. Kada ka yi gardama da mai kama ka, kada ka yi kokawa, kada ka gudu, don wannan laifi ne na dabam da za a ɗora maka a kan na farko. Ka faɗi sunanka da inda ka ke zaune, ka roƙi a sanar da iyalinka, sa'an nan ka ce cikin ladabi ba za ka ba da bayani ba sai lauyanka yana wurin. Baki shi ke yanka wuya. Sau nawa mutum ya ke zuba magana don ya nuna shi mai gaskiya ne, wani ya rubuta da Turanci abin da ya ga dama, a miƙo masa a ce dangwala nan ka tafi gida, ya dangwala, ashe amsa laifi ya yi? Takardar nan ita za ta bi shi har kotu. Gaskiya ne dokar shaida ta 2011 ta ce kotu ba za ta karɓi iƙirarin da aka samu ta hanyar tilas ba, amma tabbatar da cewa an yi tilas ɗin aiki ne mai wuya, sai an yi wata ƙaramar shari'a a cikin babbar, kana kuwa can a rufe. Kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka da harshenka ba a gaban wanda ka amince da shi.

Beli a caji ofis kyauta ne. Hukumar 'yan sanda da kanta ta sha faɗin haka, har a bangon ofisoshi a kan rubuta. Kowa kuma ya san abin da a ke yi a ƙarƙashin wannan rubutu. Abin da mu ka lura shi ne, farashin nan na ɓoye ya kan faɗi warwas da zarar wani wanda ya san doka ya shigo ya tambayi sunan mai binciken da lambar ƙarar.

'Yan kasuwa su kula da wani abu musamman. Bashi ba laifi ba ne da a ke ɗaure mutum a kansa, maganarsa ta kotun ƙararrakin dukiya ce. Amma mai bin bashi in yana da hanya sai ya kai ƙara caji ofis, a juya maganar a rubuta ta da sunan cin amana da zamba, waɗanda laifuffuka ne a Final Kod, wato kundin laifuffukan Arewa da ya fara aiki a 1960. Nan da nan cinikin buhu ashirin na masara ya zama shari'ar laifi, a tsare mutum sai danginsa sun kawo kuɗi. Mai raba tsakanin bashi da zamba a gaban alkali shi ne lauya, kuma abin da zai riƙe ya yi wannan aiki shi ne rasit da littafin ciniki da shaidun da su ka ga an yi cinikin. Wanda ya ke sayen waya ko babur ko injin na hannu, ya rubuta sunan mai sayarwa da na dillali, ya sa shugaban layi ya shaida. Karɓar kayan sata sai an tabbatar mutum ya sani, ko yana da dalilin zaton na sata ne, kafin ya zama laifi, takardar nan kuwa ita ce za ta yi magana ranar da dillali ya ɓace.

Yanzu sai maganar wane lauya. Doka ba ta ce sai ɗan garinku ba. Duk wanda ya gama makarantar horon lauyoyi, aka sa sunansa a rajistar Kotun Ƙoli, yana iya tsayawa a kowace jiha. Amma mu shawararmu ga talaka ita ce ya nemi na kusa, wanda ya ke aiki kullum a kotunan garin da aka yi ƙarar. Da ɗan gari a kan ci gari. Dalili na farko sauri ne, don abin da ya fi muhimmanci a awa 24 ɗin farko shi ne wanda zai iso caji ofis kafin a ɗauki bayani, ba wanda zai hau jirgi jibi ba. Sa'an nan dokoki sun bambanta. Kudu tana da kundin laifuffukanta, Arewa tana da Final Kod, Kaduna ta sake nata a 2017, jihohin da su ka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun daga Zamfara a 1999 kuma suna da kundinsu da kotunansu. Lauyan da zai tsaya a kotun shari'ar Musulunci yana bukatar sanin fiƙihun Malikiyya da ƙa'idar shaida da rantsuwa, irin karatun da a ke haɗawa da dokar boko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano. Na gida ya san wace kotu ce ke da hurumin wane laifi, ya san ranar da kowace ke zama, ya san ofishin da takarda ta kan kwana a ciki, ya kuma san laifuffukan da doka ta yarda a yi sulhu a kansu a rufe magana. Yana jin harshenka, ba sai an fassara masa kukanka ba. Ga kuma kuɗi: shari'a ta kan ɗauki zama goma ko fiye, kowane ɗagewa kuwa kai za ka biya wa baƙon lauya mota da masauki, ko an yi zaman ko alkali bai zo ba.

Manya ma sun ga iyakar dogara da na nesa. A 1962, da aka tuhumi Cif Awolowo da laifin shirya kifar da Gwamnati, yana madugun 'yan hamayya a Majalisar Tarayya, ya ɗauko lauya daga Ingila. Gwamnati ta hana lauyan shiga ƙasa, Awolowo ya kai ƙara, kotu ta ce ikon zaɓen lauya bai kai ga tilasta wa Gwamnati ta buɗe wa baƙo ƙofa ba. A 1963 aka ɗaure shi shekara 10. In mai iko ya iya tare lauyan Awolowo a Ikko, me zai hana hanya da tsada su tare naka?

Amma fa akwai inda na gida ya ke da nasa aibi, kuma ba za mu ɓoye ba. Gari ɗaya ne, kowa ya san kowa. Wataƙila lauyan da ka nufa shi ke yi wa wanda ya kai ka ƙara aiki, ko yana cin abinci a hannun mai mulkin da ya sa aka kama ka. Ka tambaye shi gaba da gaba tun ranar farko, don ƙa'idar aikinsu ta hana shi riƙe ɓangare biyu masu jayayya. In shari'ar ta siyasa ce, ta kuma yi nauyi, abin da ya fi shi ne a haɗa biyu, babba daga waje wanda ba ya jin tsoron kowa a garin, da na gida mai bin takardu yau da gobe.

A yi hattara da 'yan kamasho masu tsayuwa a ƙofar kotu da gindin bishiya, masu tarar mai ido ja su ce zo mu kai ka wurin wanda ya san alkali. Ƙa'idar lauyoyi ta hana farautar masu shari'a ta hanyar dillalai. Akwai kuma masu sa baƙar kwat da ba su taɓa shiga makarantar lauya ba. Lauyan gaskiya yana da ofis da za ka iya zuwa, yana da hatimin ƙungiyar lauyoyi mai ɗauke da sunansa da lambarsa wanda ya ke mannawa a takardun da ya shigar kotu, reshen ƙungiyar na garinku kuma ya san shi. Ka tambayi waɗanda ya taɓa yi wa aiki. Ka tambaye shi ko shari'ar laifi ce aikinsa, don wani gwanin takardun fili ne da na kamfani, bai saba da yi wa ɗan sanda tambayoyi a akwatin shaida ba. Duk wanda ya ce maka ya yi alkawari za ka ci shari'a, ko ya ce kawo na alkali, tashi ka bar ofishinsa. Ko dai zai cinye kuɗin, ko ya jefa ka laifin ba da hanci.

Maganar lada a yi ta a fili kamar yadda ku ke ciniki a kasuwa. Nawa ne na neman beli, nawa ne na shari'ar har ƙarshenta, kuɗin zuwa kotu yana ciki ko dabam ya ke, in an ɗaukaka ƙara fa? A rubuta, a karɓi rasit a kan kowane biya. Mutumin da ba zai ba da buhun shinkafa bashi ba sai ya rubuta, mamaki ne ya miƙa dukiyarsa da 'yancinsa a kan fatar baki. In lauya ya ci amanarka, akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi wanda ke da ikon soke sunansa daga rajista. Kai kuma naka shi ne ka gaya masa gaskiya duka, har wadda ba ta yi maka daɗi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ka faɗa masa a asirce doka ta hana a tilasta masa ya bayyana shi, wanda ka ɓoye kuwa a bakin mai gabatar da ƙara zai ji shi, a lokacin da ba shi da sauran dabara.

Wanda ba shi da ko anini fa? Tun 1976 aka kafa hukumar ba da lauya kyauta ga marasa ƙarfi, aka sabunta dokarta a 2011, tana kuma da ofisoshi a jihohi. An yi ta ne don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda aka mayar naira 70,000 a 2024. Dokar 2015 ta ce ɗan sanda ya gaya wa wanda ya kama cewa akwai wannan hanya. In laifin na hukuncin kisa ne, ba a barin mutum ya tsaya shi kaɗai, wajibi ne kotu ta sa a ba shi lauya. Sai dai lauyoyin hukumar nan kaɗan ne ƙwarai, masu bukata kuwa ba su ƙirguwa, kuma wannan laifin masu riƙe da baitulmali ne, waɗanda ba su taɓa rasa kuɗin sayen motocin alfarma ba.

Wurin da aka fi mantawa da mutane shi ne wakafi. A kai mutum gaban majistare da tuhumar fashi ko kisa, majistare ba shi da hurumin sauraronta, sai ya ce a ajiye shi har shawara ta zo daga Ma'aikatar Shari'a. Shawarar nan ita ce a ke jira wata da watanni, wani lokaci shekaru. Dokar 2015 ta ce umurnin ajiyewa na farko kada ya wuce kwana 14, ƙari kuma sai an kawo dalili, ta kuma ce majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda kowane wata ya ga waɗanda ke tsare. Wa zai tuna wa kotu kwana 14 sun cika in ba lauyan da ke garin ba? Wa zai bi fayil daga teburin mai bincike zuwa Ma'aikata, ko ya kai maganar beli Babbar Kotu?

In an ba da beli, wanda ya tsaya wa mutum ya sani nauyi ya ɗauka, in wanda ya tsaya wa ya gudu shi zai biya abin da aka yanka. Matanmu na kasuwa su sani dokar 2015 ta faɗa ƙarara ba za a hana mutum tsayawa beli don kasancewarta mace ba. Wanda aka ba beli kuma kada ya kuskura ya ƙi zuwa ranar zama, ko da ranar kasuwa ce. In hukunci bai yi daɗi ba, ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, daga kotun majistare kwana 30 ne, daga Babbar Kotu kwana 90.

Muna kira ga Gwamnati ta ƙara wa hukumar lauyan kyauta ma'aikata da kuɗi, ta sa lauya mai jiran aiki a kowane caji ofis, manyan jojin jihohi kuma su tabbata zagayen nan na wata-wata ana yin sa. Amma ba za mu ce wa talaka ya naɗe hannu yana jiran waɗanda mu ka san halinsu ba. Kowace ƙungiyar kasuwa tana yin adashi, tana tara gudummawar biki da ta mutuwa. A ƙara asusu ɗaya na shari'a, kowane mai rumfa ya riƙa jefa abin da ya sawwaƙa ran kasuwa, a naɗa amintattu uku su riƙe shi da littafi. Shugabannin layi su je su zauna da lauya ɗaya ko biyu na garin tun ba a kama kowa ba, a daidaita lada. Sakatarorin rassan jam'iyya su rubuta sunayen lauyoyin nan da lambar wayarsu da kwatancen ofishin lauyan kyauta mafi kusa, su manna a bangon ofishin reshe, su kuma karanta wannan shafi da babbar murya a taron mako ga waɗanda ba su karatun boko.